Powerhouse: Kiɗan Jaz da Ya Zama Muryar Injina a Katun

Yaro a Tudun Wada zai zauna gaban talabijin ko wayar yayansa yana kallon Bugs Bunny da Daffy Duck, ba ya jin Turancinsu, amma bai taɓa ɓatan hanya a labarin ba. Kiɗa ne ke yi masa jagora. Cikin kaɗe-kaɗen nan akwai wanda kunnuwa da yawa suka haddace ba tare da sanin sunansa ba, wato Powerhouse.

Mai shi Raymond Scott ne, makaɗin fiyano haifaffen Brooklyn a Amurka, wanda ya naɗe shi a faifai a 1937 tare da ƙungiyarsa ta mutum shida. Babu waƙa a ciki, busa ce da kiɗa zalla. Scott ba ya barin makaɗansa su yi ta ƙari da ka kamar yadda aka saba a jaz; yakan kaɗa wa kowa rabonsa a fiyano, a yi ta maimaitawa har ya zauna daram.

Kiɗan gaɓa biyu ne. Ta farko gudu ce, sautuka na bin juna ba numfashi, shi ya sa ake ɗora ta inda wani ya biyo wani a guje. Ta biyu takan sassauta: ƙaramin salo mai nauyi yana ta juyawa a ƙasa, busa na hawa kansa mataki-mataki. Maimaicin nan ne ke sa kunne ya ji inji na aiki. Bahaushe bai rasa sanin wannan hikima ba, domin gangar noma a wurin gayya ita ke daidaita saran fartanya. Wanda ke nesa ma ya san aikin da ake yi.

Scott bai tsara shi don katun ba. A 1943 kamfanin Warner Bros. ya sayi haƙƙin kaɗe-kaɗensa, sai suka shiga hannun Carl Stalling, shugaban kiɗan katun ɗin Looney Tunes na kamfanin daga 1936 zuwa 1958. Stalling ya sa Powerhouse a katun da dama, kamar Baby Bottleneck na 1946, inda bel ɗin masana'anta ke jigilar jarirai, injina na shirya su.

To, yaya motsi da kiɗa ke haɗuwa cif? Lissafi ne. Fim na nuna hoto 24 a daƙiƙa guda. Idan aka ce bugu ya faɗo a kowane hoto na 12, an sami bugu 120 a minti. Idan a kowane na 8 ne, 180. Tun kafin a gama zane, darakta da makaɗi sun rubuta wannan a takarda, makaɗa kuma na jin ƙwanƙwasar ma'auni a kunne lokacin naɗi. Don haka a katun guduma ba ta sauka sai tare da ganga.

Nan darasin yake ga matasanmu masu haɗa katun da 'yan fim na Kano. Kiɗa ba abin da za a liƙa bayan an gama aiki ba ne. Da shi ake auna motsi tun farko. Muna da kalangun mahauta da sauran kaɗe-kaɗen sana'a da suka daɗe suna fassara aiki da sauti. Abin da ya rage shi ne a zauna da makaɗansu, a ƙirga bugun, a yi zane a kansa, a kuma rubuta sunayensu a fim.