Tukwanen Ladi Kwali: Yadda Suleja za ta maido da sunanta cikin rumbunan bayanan duniya

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga hoton wata mata tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, wadda ta yi fice a Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja. Sai dai Abujar da ake nufi ba babban birnin tarayya ba ce. Garin da ake kira Suleja a yau ne, a Jihar Neja.

Abu Ja ne ya kafa garin a 1828, bayan da masu jihadi suka fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Wannan sauyi ya bar baya da ƙura a inda mutane ba su cika lura ba, wato a kundin gidajen tarihi na ƙetare. Tukunyar da aka gasa a Suleja, sau da yawa “Abuja” ne rubuce a takardarta, kuma kwamfuta ba ta san akwai Abuja biyu ba sai an gaya mata.

Gadon da ya warwatsu

A fadar Sarki Sulaimanu Barau ne Baturen nan maginin tukwane, Michael Cardew, ya fara ganin aikin Ladi Kwali. Ya buɗe cibiyar a 1952, ita kuma ta shiga a 1954 a matsayin mace ta farko. Ta zo da fasahar Gbagyi ta gina randa da hannu da zana mata ƙadangare, kada, kunama da kifi, ta haɗa da sabuwar dabarar gashi da wuta mai tsanani. An baje kolin kayan cibiyar a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma rasu a Minna a 1984.

A yau ayyukanta suna gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, da gidan fasahar Afirka na Smithsonian a Amurka, da Jami’ar Aberystwyth a Birtaniya, ban da waɗanda ke hannun attajirai da ’yan gwanjo. Ɗalibin da ke Suleja ba shi da wuri guda da zai duba ya san nawa ne, ina suke, wa ya gina su. Sunayen abokan aikinta irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa sun fi nata wuyar samu.

Mece ce ƙofar manhaja?

Manyan gidajen tarihi sun daɗe da gane cewa shafin intanet kaɗai bai wadatar ba. Shafi don idon mutum aka yi shi. Mai ƙirƙirar manhaja kuwa yana buƙatar hanyar da manhajarsa za ta yi tambaya kai tsaye ta karɓi amsa a tsare. Wannan hanya ita ce masana kwamfuta ke kira API. Ta yi kama da tagar kanti: mai saye ba ya shiga sito, yana faɗin abin da yake so ta taga bisa ƙa’ida, a miƙo masa.

Victoria and Albert ya buɗe irin wannan ƙofa tun 2009. A Fabrairun 2020 Smithsonian ya saki hotuna kimanin miliyan 2.8 kyauta tare da tasa ƙofar. Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Digital Benin, wanda aka ƙaddamar a Nuwamban 2022. Ya tattara bayanan kayayyaki 5,246 na Masarautar Benin daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, ya kuma jera su da sunayensu na harshen Edo. Darasin da ke ciki shi ne, ana iya haɗa bayanan gado wuri guda tun kafin kayan su motsa daga inda suke.

Tun ran gini, ran zane

Idan Suleja za ta bi wannan sahu, aikin ba daga sayen kwamfuta zai fara ba. Daga suna zai fara. Kowace tukunya tana buƙatar lamba ta dindindin da ba ta sauyawa, kowane magini da tasa, kowane wuri da tasa. Dole kundin ya bayyana cewa Abuja ta kafin 1976 ita ce Suleja, cewa Gwari da Gbagyi al’umma ɗaya ake nufi, cewa garin Kwali yanzu yana cikin yankin birnin tarayya. Rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012, yana ba mutane da wurare irin waɗannan lambobi, kuma jingina da shi zai sa kundin Suleja ya fahimci na Landan. Tukwanen kansu suna ɗauke da shaida, domin cibiyar tana buga hatimi mai sunan Abuja da haruffan Larabci, maginin kuma ya buga nasa, kamar LK na Ladi Kwali. Ya kamata a ɗauki hoton kowane hatimi a shigar da shi. Haka nan tsarin ya iya karanta ƙ da ɗ da ɓ da kuma ajami, don kada mai neman “ƙadangare” ya dawo hannu rabbana.

Abu na biyu shi ne sanin wa za a yi wa hidima. Malamin makaranta da ke son hotuna goma don darasi, da matashin da ke son ƙera manhajar yawon buɗe ido daga Dutsen Zuma zuwa fadar Sarkin Zazzau Suleja, da mai bincike a jami’a, buƙatunsu sun sha bamban. Mafi yawansu da wayar hannu za su shiga, da kuɗin data a lissafe. Don haka amsar ƙofar ta zama mara nauyi, hotuna su zo ƙanana da manya, bayanin yadda ake amfani da ita ya kasance da Hausa da Turanci. Gara a fara da tukwane ɗari masu sahihin bayani da a fara da dubu masu kurakurai.

Na uku shi ne haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare aikin fasaha har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato ayyukan Ladi Kwali suna ƙarƙashin kariya har zuwa 2054. Ana iya sakin bayanai kamar suna da shekara da girma kyauta, amma hotuna suna buƙatar izini bayyananne. Dokar kare bayanan jama’a ta 2023 ta shafi hirarrakin da za a naɗa da tsofaffin magina da iyalansu. Akwai kuma kayan fada da na gargajiyar Gbagyi waɗanda masu su ne kaɗai za su ce a nuna ko a sakaya. Kyakkyawan tsari yana raba bayanai hawa-hawa: na kowa, na mai rajista, da na ajiya.

Na huɗu shi ne ɗorewa. Ƙofar da aka buɗe da kuɗin tallafi na shekara biyu, ta rufe a ta uku, tana karya duk manhajar da aka gina a kanta. Tun farko sai an san wa zai riƙe rumbun, wa zai biya kuɗinsa. Masarautar Suleja da Gwamnatin Jihar Neja da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Jami’ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, kowannensu yana da abin da zai iya kawowa: iko, kuɗi, ƙwarewa ko ɗalibai.

Ƙofa mai shiga da fita

Babbar ribar ita ce gyara ya riƙa tafiya ta ɓangare biyu. Gidajen tarihi na Turai suna da tukwanen, amma mutanen Suleja da Kwali da Ushafa ne suka san sunan kowace randa, amfaninta da ma’anar zanenta. Idan kundin gida ya tsayu, Landan ma za ta iya jawo gyara daga gare shi.

Lokaci ne kawai ba ya jira. Cardew ya bar cibiyar a 1965, Ladi Kwali ta rasu fiye da shekara 40 da suka wuce, kuma waɗanda suka yi aiki da su sun manyanta. Ana iya gina ƙofar manhaja a kowace shekara. Dattijon da zai kalli hoto ya ce wannan hannun Halima ne, ba na Ladi ba, shi ne ya kamata a fara nema.