Injin matsa mai jak: kada lambar tan ta ruɗe ka

Yau ba maganar rigakafi ko haɗin abinci za mu yi ba, maganar ƙarfe ce, kuma asara ce ta kai ni ga saninta.

Bara cikin zafin Afrilu motar injin felet ɗina ta fara kuka. Na buɗe, na tarar boris ya ci. Nan take na tura yaro ya sayo sabo, na ɗauko guduma da guntun bututu na buga shi a kan shaf, yadda na ga ana yi. Inji ya tashi, na ce shi ke nan. Kwana huɗu ya yi, boris ɗin ya kama, ya ƙwarzane shaf. Daga Dawakin Kudu sai da na shiga cikin gari sau uku kafin a gama gyara, kuma a kwana taran da inji ya yi a kwance, tarwaɗata abincin buhu suka ci. Duk mai kiwo ya san abinci ke cinye kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo. Ribar wannan zubin a nan ta tafi.

Laifina ne, ba na boris ba. Idan ka bugi zoben waje alhali a kan shaf kake sa shi, ƙarfin dukan yana bi ta 'ya'yan boris ɗin, su lotsa hanyar da suke gudu a kai. Ido ba ya ganin lotsawar, amma daga ranar boris ya fara mutuwa. Abin da ke hana wannan shi ne turi a hankali, a miƙe, ba duka ba. Aikin injin matsa ke nan.

Ga wanda bai taɓa gani ba: firam ne na ƙarfe a tsaye, ƙafa biyu, da ƙarfe a gicciye a sama, da gado a tsakiya wanda ake ɗagawa ko a sauke a kan fil biyu. Tsakanin sama da gadon akwai jak, irin wanda direban tirela ke ɗaga mota da shi, da sifirin biyu masu mayar da shi sama. Dabarar tsohuwa ce, wani Bature ɗan Ingila, Joseph Bramah, ya yi mata rajista tun 1795. Kana tura mai ta ƙaramin fistin, man ya tura babba. A ce babban ya ninka ƙaramin sau 20 a faɗin fuska, sandar hannu kuma ta ninka ƙarfinka sau 20, to nauyin kilo 30 da ka danna ya zama kilo 12,000, wato tan 12. Hannu ɗaya fa.

Kafin ka fitar da ko sisi, duba injinanka. Yawancin injinan niƙa da masu walda ke haɗawa a nan, boris mai gida suke sa musu, wanda ake ɗaurewa da noti biyu, da 'yan ƙananan sukurori masu riƙe shaf. Wannan ba ya buƙatar matsa: ka kwance, ka goge tsatsa, ka zare. Fuli ma abin zarewa mai ƙafa uku ya ishe shi, kuma kuɗinsa bai kai rabin na jak ba. In kajinka ɗari biyu ne, injinka ɗaya, gaskiya ka sayi wannan ka huta. Wanda injin matsa zai yi wa rana shi ne mai motar lantarki, da injin felet, da injin ban ruwa, da babur ko mai ƙafa uku na kai ƙwai kasuwa. A yankinmu irin waɗannan ba su ƙirguwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya fara bin kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zauna, kuma duk wanda gonarsa ta ɗan yi nisa da kanal inji ne ke ja masa ruwa. Inda inji ya yi yawa, boris da bush da lanƙwasasshen shaf ba sa ƙarewa.

To tan nawa? Nan ne ake ruɗar mutane. Mai shago zai nuna maka jak mai tan 30 ko 50, ya ce ai gara babba. Boris ɗin da muke fama da su, 6203 da 6204 da 6205, ramin cikinsu milimita 17 ne da 20 da 25. Sa irin waɗannan ba ya cin ko kusa da tan 12. Inda ake neman ƙarfi shi ne cire abin da ya yi tsatsa ya manne, ko miƙe ƙarfe. A ganina tan 12 ya ishi gona, tan 20 kuma ga wanda zai riƙa karɓar aikin maƙwabta. Abin da ya wuce haka kuɗi ne kawai ka ƙara, har da haɗari, domin babban jak a kan raunannen firam shi ne mafi munin haɗin da za ka iya yi. Lambar da ke jikin jak tana faɗa maka abin da jak zai iya turawa ne, ba ta ce komai ba a kan abin da firam zai iya ɗauka.

Saboda haka firam za ka fi zuba wa ido. Hanya biyu ce: ka sayi na waje wanda ke zuwa a kwali a haɗa da noti, ko ka je Kofar Ruwa ka sayi ƙarfe da jak ka kai wa mai walda. Ni ta biyun na bi, kuma ita nake ba da shawara in kana da mai walda da ka yarda da hannunsa, don kai za ka zaɓi kaurin ƙarfenka. Na kwali masu araha sau da yawa a ƙarfe suke rage kuɗi, fenti kuma ya rufe.

Ka tafi kasuwa da ma'aunin kauri, ko ka ara wajen bakanike. Don tan 12, ni ba na yarda da ƙarfen canel da faɗinsa bai kai inci 4 ba, kaurinsa kuma ya gaza milimita 6. Don tan 20 a ƙara faɗi, musamman na sama da na gado, su ne ke shan wahala. Angil siriri irin na ƙofa da taga ba ya cikin lissafi sam. Ƙarfen hannu ba laifi ba ne, sau tari ma tsohon ƙarfen gini ko na shasin mota ya fi sabon kauri, in dai tsatsa ba ta rarake shi ba.

Sai faɗi. Mai walda zai so ya yi maka mai faɗi don ya burge, kada ka yarda. Duk yadda tazarar ƙafafun ta ƙaru, haka gadon ke saurin lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi iri ɗaya. Santimita 45 zuwa 55 a ciki ya isa fuli da ƙafar babur su shiga. Jak ɗin kansa tafiyarsa ba ta wuce kamar santimita 15 ba, don haka ramukan fil su zama kusa da juna, tazarar santimita 10 zuwa 12, kuma a huda ƙafa biyun tare a haɗe, da diril, ba a ƙona ramin da wutar walda ba. In rami ɗaya ya fi ɗan uwansa tsawo ko da kaɗan, gado zai karkace, kuma duk abin da ka matsa a karkace zai shiga. Ka ɗauki igiya ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye, biyun su zo daidai.

Fil ɗin da gado ke zaune a kai, duk nauyin a kansu yake sauka. Na ga wanda ya sa guntun rodi. Don Allah a'a. A samo sandar ƙarfe mai kyau mai kaurin inci ɗaya, tsohon shaf ɗin mota ma yana yi. In na kwali ka saya, duba kan notocin, ka nemi alamar 8.8; in babu komai a rubuce, canja su. Haka faranti biyun da ake ɗora aiki a kai: wasu na zubi ne, ƙarfen zubi kuwa ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi. Sa giranda a gefe ka gani. Tartsatsin ƙarfe mai kyau dogo ne mai haske, na zubi gajere ne ja. In na zubi ne, a yanko maka faranti mai kauri a maye gurbinsu.

Wata 'yar shawara da tsohon bakanike ya ba ni, kuma ta yi min amfani: ka ce wa mai walda kada ya shafa fenti sai ka zo ka gani. Walda mai kyau tana narkewa ta shiga cikin ƙarfe. Wadda aka yi da raunanniyar wuta, ko ƙaramin janareta yana nishi, a sama take taruwa kamar kashin kaji. Kyauta ce gani kafin fenti, bayan fenti kuwa sai dai ka ji ƙara.

Jak kuma gwajinsa ba wuya. Sa shi a ƙarƙashin nauyi, buga shi ya ɗauka, ja layi da alli a jikin sandar, ka jira minti goma. In ya sauka, robar ciki ta gaji ko bawul ba ya riƙewa. Duba sandar kada ta kasance da ƙwarzane ko tsatsa, su ke cin roba. Tsohon jak ɗin babbar mota da ya ci wannan jarrabawa na fi son sa a kan sabo mai ƙyalli da ba a san asalinsa ba. Irin wannan jak a tsaye yake aiki, kada a kife shi. Mansa man haidirolik ne. Man birki yana lalata robobin, baƙin mai kuma bai dace ba. Lokacin hunturu ka riƙa mayar da sandar ciki bayan aiki ka rufe da buhu, ƙura ba ta da kirki. Farashi ba zan rubuta ba, don kafin ka gama karantawa ya canja. Ka tambayi shago uku a rana ɗaya, ka haɗa kuɗin ƙarfe da jak da walda da na mota, sannan ka kwatanta da na kwali.

Yanzu tambayar da na san tana bakin mutane da yawa: zan iya matse gyaɗa ko waken suya da shi in samu mai da ƙuli na kaji? Nan sai mu yi lissafi. Boris ɗan ƙaramin wuri yake karɓar ƙarfin, gyaɗa kuwa a cikin tukunya take, ƙarfin ya rarrabu. Tan 20 a kan tukunya mai faɗin santimita 20, kowane santimita murabba'i yana samun kusan kilo 64. Ka faɗaɗa tukunyar zuwa santimita 30 don ta ci da yawa, ya faɗo zuwa kilo 28. Ka ga ke nan in kana son mai ya fita, dole tukunya ta zama ƙarama, wato 'yan kiloli a kowane zubi. Gyaɗa tana da mai kusan kashi 45 zuwa 50, in an soya an niƙa an matse da ɗumi tana bayarwa. Amma mai kaji ɗari biyar zai wuni yana buga jak bai tara abin kwana biyu ba. Tunkuzar da za ka saya a Dawanau ko wajen masu matsar mai ta fi maka sauƙi.

Waken suya kuwa ka manta. Mansa kashi 18 zuwa 20 ne kawai, jak ba zai fitar da abin kirki ba. Kuma matsa ba dafuwa ba ce: ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana kaza da kifi narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi. Haka matsa ba ta cire gubar fumfuna daga gyaɗa, a cikin tunkuzar ma take zama. A 1960 wannan guba, afalatoksin, ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila ta hanyar tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil. Gyaɗa mai fumfuna, ko da wane inji aka matse ta, ba ta kaji ba ce. Felet mai yawo a kan ruwa ma ba aikinsa ba ne, wannan sai injin da ke dafawa yana turawa.

Inda ya yi min amfani a fannin abinci shi ne tsane ruwa. Dusar awara da nake karɓa wajen mata jiƙe take zuwa sharkaf, kafin ta bushe ta yi tsami. In na zuba a buhu na sa tsakanin katako biyu na matse, shanyar ta ragu sosai, sannan in gasa ta sama-sama kafin ta shiga haɗi. Wannan ko tan biyu ba ya ci.

Lokacin aiki, ka sa tabarau, ka tsaya a gefe, yara su yi nisa. Kada ka ƙara wa sandar hannu bututu don ƙarin ƙarfi. Idan abu ya ƙi motsi, tsaya: zuba man cire tsatsa, ɗan ɗumama, duba ko akwai zoben kulle da ka manta. In shaf kake sa wa boris, turin ya sauka a zoben ciki. In cikin gida kake sa shi, a zoben waje. Tsofaffin boris kada ka yar, zobensu ne mafi kyawun abin turi.

Nawa mai tan 12 ne, yana jingine a zauren da nake ajiye buhuna, na kafe ƙafafunsa a siminti. Mu huɗu muka haɗa kuɗin, ni da masu injin ban ruwa biyu da mai kajin ƙwai ɗaya. Sharaɗinmu shi ne inji ba ya fita, aiki ake kawowa, kuma wanda ba ya cikinmu yana ajiye ɗan abin da muke tarawa don mai da robar jak. Makon jiya shaf ɗin injin casar shinkafa aka kawo daga wajen Kura, ya fi ƙarfin gadonmu, na ce su wuce da shi gari.