YADDA AKA KILLACE 'YAN ƘWALLON KWANDON AMURKA WATA UKU SABODA ANNOBA

Masu karatu duk sun san ƙwallon ƙafa, amma ƙwallon kwando ba kowa ya san yadda a ke yinta ba, saboda haka ya kamata mu fara da ɗan bayani. Wasa ne na mutum biyar-biyar, da hannu a ke yinsa, cikin wani babban ɗaki rufaffe. A kowane gefe akwai kwando maras gindi da aka rataye ƙafa 10 daga ƙasa, kowace ƙungiya kuwa ƙoƙarinta ta jefa ƙwallo cikin kwandon da abokan karawarta ke tsaro. A gasar Amurka minti 48 a ke yi ana guje-guje, ƙirji da ƙirji, gumi na zuba, kowa na huci a fuskar ɗan'uwansa. In ana neman wasan da cutar numfashi za ta sami saukin yaɗuwa a cikinsa, to, ga shi nan.

Gasar da ta fi kowace girma a duniya ita ce ta Amurka, wadda a ke kira NBA. Ƙungiya 30 ke cikinta, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada, kowace kuwa takan yi wasa 82 kafin a zo zagayen fid da zakara.

Ran Laraba 11 ga watan Maris 2020, watau ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta zama annobar duniya baki ɗaya, ƙungiyar Utah ta je wasa birnin Oklahoma. Jama'a sun cika ɗaki, 'yan wasa sun fito fili, saura kaɗan a hura usur, sai ga wani ma'aikacin lafiya ya sheƙo a guje ya yi wa alƙalan wasa magana. Ashe an auna wani ɗan wasan Utah, Rudy Gobert, mutumin Faransa, an sami cutar a jikinsa. Kwana biyu kafin wannan, shi Gobert ɗin ya bi na'urorin ɗaukar magana na 'yan jarida yana shafawa da hannu don ba'a, abin da ya nemi gafara a kansa daga baya. Aka sallami 'yan kallo, a daren nan kuma hukumar gasar ta tsai da wasa gaba ɗaya. Ba a sake jefa ƙwallo ba sai bayan kwana 141.

Mai karatu zai ce, me ya hana a haƙura da gasar shekarar nan? Amsa ita ce kuɗi. A lokacin kamfanonin talabijin suna biyan gasar fiye da dala biliyan 2 kowace shekara don su nuna wasanninta, in kuwa ba wasa, ba biya, albashin 'yan wasa ma sai ya taɓu. Ɗaya daga cikin kamfanonin nan, ESPN, mallakar kamfanin Disney ne, shi kuwa Disney yana da wani ƙaton filin shaƙatawa kusa da Orlando a jihar Florida, mai masaukai da ɗakunan wasa, wanda annoba ta bar shi ba baƙi. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Shugaban gasar, Adam Silver, da ƙungiyar 'yan wasa suka shirya a kwashe ƙungiya 22, waɗanda ke da sauran fatan kai wa zagayen ƙarshe, a kai su can a rufe ƙofa. Amurkawa suka laƙaba wa wurin sunan ƙwayar kumfar nan da yara kan hura da ruwan sabulu, wadda na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga.

A lokacin ba allurar rigakafi, ba kuma magani. Abin da aka dogara a kansa shi ne tsohuwar dabarar da kakanninmu ma suka sani a zamanin agana, watau a raba mai ciwo da mai lafiya. Bambancin kawai shi ne su suna da na'urar awo da dukiyar da za su auna kowa kullum. Da ƙungiyoyin suka iso a farkon watan Yuli, kowane mutum aka sa shi ɗakinsa, ba fita, sai an auna shi sau biyu ba a sami kome ba. A wannan tankaɗe aka kama mutum 2 cikin 322, ba su ko shiga cikin jama'a ba. Daga nan kuma awo kowace rana, har ranar tashi.

Littafin dokokin zaman ya kai shafi 113. Malaman da suka taɓa riƙon makarantar kwana za su yi murmushi in sun ji abin da ke ciki. In an yi karta, a jefar da ita, gobe a ɗauko sabuwa. Ƙwallon tebur mutum biyu kaɗai, ban da huɗu. Ba shiga ɗakin wani. Har lambar waya aka bayar wadda mutum zai buga ya kai ƙarar wanda ya karya doka ba tare da an san shi ba, 'yan wasa kuwa suka yi ta yi mata dariya suna ce mata wayar tsegumi. Amma fa dokar tana da haƙori. Richaun Holmes na ƙungiyar Sacramento ya ƙetare iyaka don ya karɓi abincin da ya saya daga waje, aka tsare shi ɗaki kwana 10. Wani ɗan wasan Houston da aka samu ya shigar da baƙon da ba a yarda da shi ba, korarsa aka yi ana tsakiyar zagayen fid da zakara. A ganina wannan rashin sani ko sabo shi ne ginshiƙin abin duka, domin attajirai ne a ke wa doka, waɗanda ba su saba a ce musu kul ba.

Ran Alhamis 30 ga Yuli aka koma wasa, ba ɗan kallo ko ɗaya. Aka kafa manyan alluna na majigi a gefen fili, suna nuna fuskokin mutane wajen 300 da ke kallo daga gidajensu ta intanet, ana kuma sako sautin sowa ta lasifika. Wasa 172 aka yi a wurin, kuma tun daga ranar da aka gama tankaɗen farko har ƙarshe ba a sami ɗan wasa ko ɗaya da ya kamu ba. Wannan kuwa a Florida ne, jihar da ran 12 ga Yuli kaɗai aka lissafa sabbin masu cutar fiye da 15,000. An ƙiyasta kuɗin da zaman ya ci tsakanin dala miliyan 180 da 190. Mutane da dama suka yi gunaguni, kuma da gaskiyarsu: ga ƙarti lafiyayyu ana auna su kullum sakamako na fitowa kashegari, talakawan gari kuwa suna jiran nasu kwana da kwanaki. Abin da za a iya faɗa wajen kare gasar shi ne, ita da ƙungiyar 'yan wasa sun ba Jami'ar Yale kuɗi ta binciko hanyar awo da miyau mai arha, wadda hukuma ta amince da ita a watan Agusta na shekarar.

Katanga ta tare cuta, amma akwai abin da ba ta tare ba. Ba a yarda iyalin 'yan wasa su shigo ba sai ƙarshen Agusta, Paul George na ƙungiyar Clippers kuwa ya fito fili ya ce kaɗaici ya jefa shi cikin damuwa da ƙuncin rai. Sa'an nan ga halin da ƙasar ke ciki. Yawancin 'yan wasan baƙar fata ne, sun kuwa shiga killacewar nan ne ƙasar na tafasa kan kisan George Floyd da ɗan sanda ya yi a Minneapolis ran 25 ga Mayu. Ran 23 ga Agusta ɗan sanda ya harbi wani baƙar fata, Jacob Blake, a garin Kenosha na jihar Wisconsin. Bayan kwana uku ƙungiyar Milwaukee, wadda daga jihar nan ta ke, ta ƙi fitowa daga ɗakin canja kaya. Tauraronta shi ne Giannis Antetokounmpo, haifaffen ƙasar Girka wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Sauran ƙungiyoyi suka bi sahu. Gasar da ta gagari annoba sai ga ta tana neman rushewa daga ciki. Ba a koma fili ba sai ran 29, bayan masu ƙungiyoyin sun yi alkawari, cikin wasu abubuwa, za su ba da ɗakunan wasansu a yi rumfunan zaɓe a cikinsu.

Ran Lahadi 11 ga Oktoba ƙungiyar Los Angeles Lakers ta ci Miami wasa na huɗu cikin shida, ta ɗauki kofinta na 17, aka zaɓi LeBron James gwarzon wasannin ƙarshe. A watan Janairu na shekarar nan ne tsohon gwarzonsu Kobe Bryant ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, saboda haka murnar ta gauraya da hawaye. Ƙungiyoyin nan biyu sun yi wata uku da 'yan kwanaki a killace.

Ba a sake irin wannan zama ba. Gasar da ta biyo baya aka buɗe ta ran 22 ga Disamba 2020, aka rage wasa zuwa 72, ƙungiyoyi suka koma tafiye-tafiye gari gari kamar da, ana dai awo. Kashegarin buɗewa aka ɗaga wasan Houston da Oklahoma, domin tsakanin masu cutar da waɗanda aka killace da masu rauni, Houston ta kasa haɗa mutum 8 da doka ta ce sai da su za a shiga fili.