Daga Zariya zuwa ƙasar ƙanƙara

Masai Ujiri a Zariya ya tashi. An haife shi a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Zariya yana ƙarami. Uwa likita ce 'yar Kenya, uba ma'aikacin asibiti. Kamar sauran yaran gari, tamaula ya fara bugawa. Sai da ya kai shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, inda ya faɗa hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello yana horar da samari.

A lokacin, duk yaron da ya iya jefa ƙwallo a raga burinsa Amurka, domin a can jami'a kan ɗauke wa ɗan wasa kuɗin karatu, da ci da kwana. Amma akwai mai gadi a ƙofa. Daga 1986 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta ce sabon ɗalibi ba zai buga wa babbar jami'a ba sai ya kawo matsakaicin maki 2.0 a manyan darussa 11 na sakandare, da 700 a jarrabawar SAT. Da aka ƙara tsananta dokar a 1989, har za a hana wanda ya gaza tallafin karatun ma, John Thompson, kocin Jami'ar Georgetown, ya fice daga fili ana dab da fara wasa da Boston College. A ganinsa jarrabawar 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata take tankaɗewa. Jama'a suka miƙe suna tafa masa. Shekara na zagayowa aka sassauta dokar.

Ujiri bai shiga ta babbar ƙofa ba. Bayan sakandare a Seattle, sai ya tafi Bismarck, a jihar Dakota ta Arewa, kwalejin shekara biyu, irin wadda baƙi da yawa ke bi kafin manyan jami'o'i su waiwaye su. Yaron da ya san sanyin hunturun Zariya kawai, ga shi a garin da ƙanƙara ke rufe mota. Abokinsa Godwin Owinje, da suka yi Bismarck tare, ya wuce Georgetown ɗin nan ta Thompson. Shi kuwa Ujiri ya koma wata jami'a a Montana, zango ɗaya ya yi ya tattara ya tafi Turai neman abinci da ƙwallo.

Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba. A 2002 ya karɓi aikin farauto 'yan wasa ga ƙungiyar Orlando Magic ta NBA ba albashi, kuɗin jirgi daga aljihunsa, kwana a ɗakin abokai. A 2010 Denver ta damƙa masa ragamar ƙungiya, a 2019 kuma Toronto ta ɗauki kofin NBA yana shugabanta.

Yau dokar nan ta NCAA ta sake fuska. An soke sharaɗin SAT a 2023, amma darussan sun kai 16, makin kuma 2.3. Yaron Maradi ko Dakoro yana da ƙarin aiki, domin takardunsa na Faransanci sai an fassara su kafin a duba. Tun 2003 Ujiri da Owinje suka kafa Giants of Africa, suna tara yara a sansanin horo, kuma da yawa daga cikinsu sun samu gurbin karatu a Amurka.