Wa Ke Ɗaukar Nauyin Yara 'Yan Alkafura A Ingila?

Duk wanda ya shiga manyan kantunan Ingila ran Asabar, ba mamaki ya tarar da waɗansu yara sanye da riguna iri ɗaya, sun tsaya inda ake biyan kuɗi suna taya mutane zuba kaya cikin jaka, ga bokiti a gefe ana jefa musu kwabbai. Baƙo sai ya ɗauka bara suke yi. Alhali kuwa sau da yawa 'yan kulob ɗin wasan alkafura da lanƙwasa jiki ne, watau jimnastik, suka fito neman gudummawa domin sayen katifun sauka, ko kuma kuɗin motar da za ta kai 'yan'uwansu gasa.

Shi wannan wasa da ƙuruciya ake kama shi, don kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nadia Comaneci ta ƙasar Romaniya shekararta 14 sa'ad da alƙalai suka ba ta maki 10 cif a gasar Olamfik ta Montreal cikin 1976. Daga baya aka yi ta ɗaga shekarun shiga sahun manya, har a 1997 aka ce sai yarinya ta cika 16 a cikin shekarar gasa. Amma wannan bai sa an jinkirta fara horo ba.

A Ingila hanyoyi biyu ne a gaban yaron da aka ga yana da baiwa. Ta farko ita ce ta gasannin yanki da na ƙasa, inda yaro zai yi horo 'yan kwanaki a mako, ya ci lambobinsa, ya ci gaba da karatunsa kamar kowa. Ta biyu kuwa ita ce ta zaɓaɓɓu, waɗanda ake shiryawa domin wata rana su wakilci Birtaniya a duniya. Tsallakawa daga ta farko zuwa ta biyu tana zuwa ne tun yarinya ba ta gama firamare ba, kuma a nan ne gida ke fara jin jiki. Sa'o'in horo sukan tashi zuwa 20 ko 30 a mako. Daga makaranta sai ɗakin horo, aikin gida a cikin mota, abincin dare a kan hanya. Idan kuma aka zaɓi yaro cikin tawagar ƙasa, ga tafiya Lilleshall a gundumar Shropshire, inda hukumar wasan take da hedkwata da sansanin horo.

Mai karatu zai gane dalilin wannan wahala idan ya san abin da ake nema wurin yaran. Katakon da 'yan mata ke alkafura a kansa tsawonsa mita 5 ne, bisansa santimita 125, faɗinsa kuwa santimita 10 kacal, bai wuce faɗin tafin hannun babba ba. Ba a koyon juyi biyu a sama a kan ƙasa tsura. Sai an haƙa rami an cika shi da soso, sai an shimfiɗa daɓe mai tsalle da mutum, mita 12 kowane gefe, sai an sami malami wanda ya san inda zai tare yaro in ya kuskure. Duk waɗannan kuɗi ne masu yawa, kuma soso yana ruɓewa, katifu suna mutuwa.

To, a nan ne gidauniya ta shigo. Da yawa daga cikin kulob-kulob ɗin ba na gwamnati ba ne, ba kuma na attajirai ba. An yi musu rajista ne a matsayin ƙungiyoyin taimakon jama'a, iyaye ne ke zama a kwamiti ba tare da albashi ba. Uwaye su toya kek su sayar, a shirya wasan nuni a karɓi kuɗin ƙofa, yara su zaga dangi da maƙwabta da takarda kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar a kan kowace alkafura da za su yi. Dokar haraji ma tana taimakawa: idan mai biyan haraji ya ba irin wannan ƙungiya fam 1, tana iya karɓo ƙarin kwabo 25 daga hukumar haraji. Abin lura shi ne, kuɗin da ɗaruruwan yara masu zuwa sau ɗaya a mako ke biya, da wanda iyayensu ke tarawa, shi ne yakan tallafi 'yan ƙalilan ɗin da ke hanyar zaɓaɓɓu. Ba kullum ake rabuwa lafiya a taron kwamiti a kan wannan magana ba.

Gwamnati ba ta sa hannu sosai ba sai da aka sha kunya. A Olamfik ta Atlanta cikin 1996 Birtaniya duka ta komo da lambar zinariya ɗaya tak, tana ta 36 a jerin ƙasashe. Daga 1997 aka fara ba 'yan wasa tallafi daga kuɗin cacar ƙasa. Sai dai fa wannan tallafi na wanda ya riga ya kai sama ne. Shekarun da ke tsakani, na iyaye ne da kulob.

Louis Smith misali ne. Mahaifiyarsa ce ta yi shekaru tana ɗauko shi daga wajen Peterborough zuwa kulob ɗin Huntingdon, tafiyar kimanin mil 20, wurin malaminsa Paul Hall. A Beijing cikin 2008 ya ci lambar tagulla a wasan dokin katako mai marika biyu, wadda ita ce ta farko da wani ɗan Birtaniya ya ci shi kaɗai a wannan wasa tun 1908. A shekara mai zuwa abokin horonsa Daniel Keatings ya zo na biyu a gasar duniya a Landan. Beth Tweddle ta kulob ɗin Liverpool ta zama zakarar duniya a 2006, ta kuma ci tagulla a Olamfik ta 2012 tana da shekara 27, shekarun da a dā ake ganin mace ta daɗe da yin murabus. Max Whitlock na kulob ɗin Basildon kuwa zinariya biyu ya ɗauko rana ɗaya a Rio cikin 2016.

Amma ashe a bayan waɗannan lambobi akwai abin da ba a faɗa. Cikin 2020 tsofaffin 'yan wasa suka fara fitowa suna ba da labarin yadda aka yi musu, har aka ɗora wa lauya Anne Whyte bincike. Rahotonta da ya fito a watan Yuni na 2022, bayan ta saurari bayanai fiye da 400 game da shekarun 2008 zuwa 2020, ya nuna an sa yara horo da rauni a jikinsu, an hana waɗansu ruwan sha da zuwa bayan gida, an riƙa auna nauyinsu ana yi musu gori har waɗansu suka shiga ɓoye abinci. Iyaye da yawa sun yi shiru, wasu don ba a barinsu su shiga ɗakin horo, wasu don tsoron kada a cire ɗansu bayan duk abin da aka kashe. Hukumar wasan ta nemi gafara, daga baya kuma ta kafa ƙa'idoji masu tsauri a kan auna nauyin yara.

Nijeriya ma ta taɓa kai ɗan wasan jimnastik Olamfik, watau Uche Eke, wanda ya ci zinariya a dokin katako a wasannin Afirka na Rabat cikin 2019, ya kuma fito a Tokyo cikin 2021. Shi ne na farko da ya wakilci ƙasar a wannan wasa a Olamfik. A Amurka aka haife shi, a can ya koyi wasan tun yana ƙarami, kuma a Jami'ar Michigan ya goge.