Haram, Ƙyama da Haɗari: Nazarin Naman da Ake Ci a Kudancin Kogin Kaduna

Romi, wadda aka fi sani da Unguwar Romi, tana cikin ƙaramar hukumar Chikun a kudancin Kogin Kaduna, tana maƙwabtaka da Sabon Tasha da Gonin Gora, kuma ba ta da nisa da matatar mai da aka buɗe a 1980. Ƙasar ta Gbagyi ce tun asali, amma masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, da kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya biyo baya a 1975, sun jawo ma'aikata daga sassan Nijeriya, sannan rikice-rikicen 2000 da 2002 suka raba zaman birnin bisa addini, Musulmi suka fi komawa arewacin kogi, Kirista suka fi taruwa a kudancinsa. Don haka a yau Bajju da Atyap da Ham da Adara da Angas da Tibi da Ibo suna zaune ƙofa da ƙofa a Romi, kowa ya zo da girkin garinsu, har ya zama ana samun faten acca da sakwara da burukutu, wato giyar dawa, a layi ɗaya, tare da wasu nau'o'in nama da ba a ganinsu a teburin mahautan Tudun Wada ko Rigasa.

Idan zancen irin wannan nama ya taso, mutane kan cuɗanya abubuwa uku da ba ɗaya suke ba: abin da addini ya haramta, da abin da rai ke ƙyama saboda ba a tashi da shi ba, da abin da ke da haɗari ga lafiya. Rashin rarrabe su ne ke sa abinci ya zama abin gori tsakanin maƙwabta, kuma shi ne ke sa a manta da haɗarin da bai san addinin kowa ba.

Nama biyu ne suka fi jan hankalin baƙo a wannan yanki, na alade da na kare, kuma kowanne yana da fatauci mai tsari a bayansa. Kasuwar aladu ta Katsit, kusa da Kafanchan, tana ci mako-mako, ana kuma lissafa ta cikin mafiya girma a ƙasar nan, domin daga can ake lodin aladu zuwa kudu. Kasuwar karnuka mafi suna kuwa ita ce ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, ƙasar Angas, inda fatake ke tara karnukan da suka sayo daga ƙauyuka masu nisa, har da na ƙasar Hausa inda ba a cin su, a tura su Kuros Riba da Akwa Ibom. Masu cin naman kare kan kira shi 404, sunan tsohuwar motar Peugeot. Yadda ake gyara shi bai bambanta da na akuya ba: a babbaka gashin, a kankare fatar, a yanka gunduwa-gunduwa, a dafa da barkono mai yawa da citta da ganyen ɗoɗɗoya har romon ya yi kauri, kuma galibi a wuraren shan burukutu ake sayar da shi da yamma, ba a tukunyar gida ba. Kuskure ne babba a ɗauka cewa duk mazaunin Romi yana cinsa, domin Kirista da yawa suna ƙyamarsa kamar yadda Bahaushe ke yi, wasu kuma al'adar gidansu ce ta hana su.

Ta fuskar shari'a, littattafan mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan Musulmin Afirka ta Yamma, sun fi faɗi a wannan babi fiye da yadda jama'a ke zato. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya da Kano da Sakkwato, ya lissafa alade da jaki da alfadari da doki cikin haramtattu, alhali Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta doki. Amma littafin nan ya sanya dabbobin ruwa cikin halal, haka nan zomo da bushiya da beguwa da ƙwarin ƙasa, har da maciji idan an aminta daga dafinsa, abin da ɗalibai da yawa kan karanta su wuce ba tare da sun taɓa tunanin kai shi baki ba. Asalin rarrabewa tsakanin haram da ƙyama yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da dabbu, wani ƙadangaren hamada da malaman Hausa kan fassara da damo: an kawo shi gasasshe, Manzon Allah (SAW) ya janye hannunsa, ya bayyana cewa ba haram ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa shi ya sa ransa bai karɓe shi ba, Khalid ɗan Walid kuma ya ci a gabansa. A ɓangaren Kirista, Littafin Firistoci ya hana alade da raƙumi da zomo amma ya halatta fara, sannan yawancin ikilisiyoyi sun fahimci Sabon Alkawari da cewa ya ɗage waɗannan dokoki, ko da yake 'yan Adbentis da Kiristocin Otodoks na Habasha har yau ba sa cin alade.

Shi ma Bahaushe yana da nasa abincin da wani zai gani ya kau da kai. Fara ce kan gaba: ana kamo ta da asuba lokacin da sanyi ya hana ta tashi, a zuba ta a tafasasshen ruwan gishiri, a shanya, a cire fiffike da ƙafafu, sannan a soya a barbaɗa yaji, kuma ana cinikinta buhu-buhu daga Maraɗi da Damagaram zuwa Kano da Maiduguri. Wannan tafasawa ta dace da sharaɗin Malikiyya, waɗanda suka ce fara ma tana bukatar a kashe ta da niyya, ba a tsince ta matacciya ba. Sai shinge, wato gara mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan farko na damina, wanda yara ke ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin fitila ya faɗa ciki, da safe a soya shi ba tare da an sa mai ba domin nasa ya ishe shi, a sheƙe fiffiken a faifai, a sa gishiri. Wannan kam yaran Kawo da na Romi duk sun san ɗanɗanonsa. Mafarauta kuma suna cin gafiya da gyazbi da damo, naman raƙumi ya zama gama-gari a Kano, ganda kuwa, wato fatar saniya da aka babbaka aka dafa, ta game arewa da kudu duk da cewa a ƙasashe da yawa takalmi kawai ake yi da ita.

Ƙyama ba ta zama wuri ɗaya, tana sauyawa da zamani, wani lokaci ma doka ce ke tura ta. Faransa ta halatta sayar da naman doki a 1866, ya zama abincin talakawan Paris, amma a 2013 da aka gano shi a cikin abincin da aka rubuta wa sunan naman shanu, sai Ingila ta yi kamar ta kama da wuta. Majalisar Koriya ta Kudu ta zartar da dokar hana kiwon kare da yanka shi don ci a Janairun 2024, wadda za ta fara aiki sosai a 2027, bayan da matasan ƙasar suka koma kallon kare a matsayin abokin zama. Ƙwari kuwa akasin haka suka samu, domin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kimanin mutum biliyan 2 ne ke cinsu, nau'i sama da 1,900, kuma a 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da fara a matsayin abinci.

Batun haɗari shi ne wanda ya fi cancantar kulawa, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Dafuwa mai kyau tana kashe ƙwayar cutar haukan kare, amma mai kama karen da mai yanka shi da mai fasa kansa suna cikin hatsari ta hanyar cizo ko miyau a kan rauni, cutar kuwa idan alamunta suka bayyana kusan ba a tashi. Naman aladen da bai dahu ba yana ɗauke da tsutsar ciki mai faɗi, wadda ƙwayayenta kan fita ta bayan gida su shiga ruwa ko ganye, su isa ƙwaƙwalwa su haddasa farfaɗiya, har ga wanda bai taɓa ɗanɗana alade ba. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, wani ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, don haka farautar ɓeraye da rani da shanya hatsi a ƙasa duk ƙofofi ne gare shi. Halal ma bai tsira ba: a 2023 gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda saboda cutar antiraks, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yuli, haka kuma farar da aka kwaso daga gonar da aka fesa wa maganin ƙwari guba ce komai kyan suyarta.

Akwai kuma ha'inci, wanda ya fi kowane bambancin al'ada ɓata amana, domin mai sayar da kare a Romi yana faɗin abin da ke tukunyarsa, wanda ba ya so ya wuce, amma busasshen naman da ya yi doguwar tafiya ba ya nuna asalinsa. Shekaru da dama ana kwasar jakuna daga kasuwannin arewa irin su Maigatari zuwa Ezzamgbo a Jihar Ebonyi, inda ake yanka su, a tura fatun zuwa Sin don haɗa wani maganin gargajiya, naman kuma a ƙyafe shi ya shiga kasuwa, wani lokaci da sunan naman shanu ko na daji. Cinikin ya sa jaki ya yi tsada har ya fi ƙarfin manomin da ke ɗauko taki da shi, kuma a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna don fatunsu a faɗin nahiyar, suka bar wa kowace ƙasa aikin zartarwa.