Mai Wayarin da Agogon A-kori-kura

A gaban tsofaffin motocin a-kori-kura da yawa, ko dai a gefen mitar gudu ko a saman wurin rediyo, akwai wani ɗan murfin roba mai kusurwa huɗu da ba ya kunna komai, ba ya kashe komai. Direba sai ya shekara goma yana kallonsa bai taɓa tambayar amfaninsa ba. Gurbin agogo ne. Kamfani yakan ƙera mota iri ɗaya hawa-hawa: ta masu hali a sa mata agogo, ta ɗaukar buhuna a toshe gurbin da roba a rage kuɗi. Sai dai damin wayoyin da ke bayan dashbod sau da yawa ɗaya ne ga duka biyun, domin saƙa dami ɗaya ya fi wa kamfani araha a kan saƙa biyu. Shi ya sa a tsofaffin Hilux da yawa, in aka ɓalle murfin aka zura hannu, sai a taɓo soket ɗin agogon a naɗe cikin salatif, yana nan yadda aka bar shi tun a masana'anta.

Wanda ya san da wannan soket shi ne mai wayarin.

A gareji kowa da fanninsa. Bakanike na inji da giya, mai bugun jiki na can da gudumarsa, mai fenti, mai faci. Mai wayarin ne ya fi su ƙarancin kaya, ya kuma fi su tsabtar riga. Jakarsa ba ta wuce sukudireba biyu ko uku, filaya, reza, salatif, ƙarfen narka dalma, mita in yana da ita, sai kuma tasta, wato ƙwan fitila ɗaya da aka ɗaura wa waya biyu. Wahalar tasa ita ce abin da yake nema ba a ganinsa. Mai in ya zuba akan ga ɗigonsa a ƙasa, inji in ya buga akan ji ƙararsa, amma wuta in ta ɓata hanya cikin dami mai waya hamsin sai wanda ya iya bin sawu. Gyaran kik da altaneta da fitilu su ne abincinsa na kullum. Sa agogo ƙaramin aiki ne da ba ya kawo kuɗin kirki, amma ni a ganina da shi ya kamata mai mota ya auna mai wayarin kafin ya danƙa masa babban aiki. Dalili kuwa, kusan komai a tsohuwar mota yakan kwanta da zarar an zare makulli, ban da agogo. Shi dole ya ci gaba da shan wuta dare da rana, kuma dole ya sha ta inda ba za ta zama fitina ba.

Kafin a kai ga wayoyi sai an samo agogon, kuma sabo dai babu shi, kamfani ya daɗe da daina yi. Sai a nufi Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko a aika Ladipo a Legas, inda ake fede motocin da suka mutu a sayar da su gunduwa-gunduwa. Gwani ba ya aiken yaro shi kaɗai. Yakan tafi da murfin robar da ya ɓalle a aljihu don ya gwada girman, saboda Hilux da aka fara yi tun 1968 ta sauya fasali sau da dama, agogon wannan zubin ba ya shiga gurbin wancan. Yakan kuma nace a yanko masa agogon haɗe da soket ɗinsa da ɗan tsawon waya kamar taƙi ɗaya, ko da na cikin motar ya riga ya salwanta. Sannan ba ya biya sai an gwada a gabansa. Ana jawo batir, a ɗora waya biyu a kan mai wuta, ɗaya a kan ɗaya kan. In lambobi kore-kore suka bayyana suna nuna 1:00, agogon na da rai. In suka fito dishi-dishi, ko suka ɗauke sai an ɗan ƙwanƙwasa jikin, ba mutuwa ba ce: zafi da girgizar shekaru ne suka tsattsage dalmar da ke riƙe da ƙafafun rizista a ciki, minti kaɗan da ƙarfen dalma ya isa. Mai saye ya san haka, mai sayarwa ma ya sani, amma sai an ja ciniki kamar babu wanda ya sani.

A gareji aikin farko shi ne cire kan batir, wanda ke haɗe da jikin mota. Na biyu haƙuri. Robar dashbod da ta sha ranar shekara talatin takan bushe ta yi ƙamas, in ka matsa mata sukudireba sai ta tsage, kuma babu mai ɗinke ta. Za ka ga ogan ya naɗe bakin sukudireba da tsumma, yana bin ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana zuba sukurori a murfin gwangwani. Daga nan sai ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafu a waje, tocilan a baki. Abin da yake tararwa a can ba ya faɗuwa: ƙurar hunturu da ta daskare, ɓawon gyaɗa, wani lokaci sheƙar ɓera, musamman a motar da ke dakon hatsi daga ƙauye. Ga kuma aikin duk wanda ya taɓa motar kafin shi. Wannan ya sa rediyo ya yanke waya, wancan ya ƙara oda mai kukan jirgi, wani ya jona fankar direba, kowa ya murɗa ya naɗe ya tafi. Rabin sana'ar karatun rubutun magabata ne.

Agogo mai lambobi waya huɗu yake so. Ta farko mai wuta ce kullum, daga fiyus ɗin da ke ba fitilar rufi, ita ke riƙe lissafin lokaci. Ta biyu ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ita ke haska lambobin, domin da za su kwana a kunne da sun ci batir a banza. Ta uku tana tare da ƙananan fitilu, aikinta ta rage hasken da daddare don kada ya kashe wa direba ido. Ta huɗu ta jikin mota ce, hanyar komawar wuta. Mai wayarin yakan mayar da kan batir, ya maƙala wayar tasta a ƙarfe, ya sa yaro a kujerar direba.

"Kai, murɗa makulli sau ɗaya. Tsaya nan. Kashe."

"Na kashe, Oga."

"Kunna ƙananan fitilu."

Kowane rami na soket sai ya taɓa shi ya ga lokacin da ƙwan ke kamawa. Wanda ya kama tun makulli na hannu, ta farko ce. Wanda ya kama da murɗawa, ta biyu. Launi ma na taimakawa ga wanda ya san harshen kowane kamfani. Toyota takan sa fara mai baƙin layi a matsayin ta jikin mota. Jamusawa ruwan ƙasa suke sawa, kuma suna da lambobin da ba sa canzawa: 30 mai wuta kullum, 15 ta makulli, 31 ta jiki, 58 ta ƙananan fitilu. Fijo kuwa ta fi dogara da lambar da aka buga a jikin waya, wadda maiƙo da tsufa kan goge. Gwani dai ba ya yarda da launi sai tasta ta shaida, don bai san wanda ya ɗinka wayar a baya da guntun da ya tsinta ba.

In soket ɗin na nan lafiya, tura agogon kawai za a yi ya ce ƙas, a danna maɓallin awa da na minti, shi ke nan. In babu shi, a nan ake rabuwa tsakanin mai sana'a da mai neman na cefane. Na biyun zai fere wayar da ta fi kusa, galibi ta rediyo ko ta wurin kunna taba, ya haɗa ta farko da ta biyu wuri guda. Agogo zai kama, mai mota ya yi murna ya biya. Washegari da safe sai ya tarar da 1:00, gobe ma haka, saboda duk lokacin da aka zare makulli lissafin ya goge. Wani kuma zai jawo waya kai tsaye daga batir babu fiyus, ya ratsa da ita ta hudar ƙarfe babu roba a bakinta. Wata shida tana gugar ƙarfe a kan hanya mai gargada, ran da rigarta ta huje sai hayaƙi daga ƙarƙashin dashbod. Araha ba ta ado. Mai sana'a yakan ɗauko wutar daga bayan akwatin fiyus, ya narka dalma a kan kowace mahaɗa, ya ɗaure sabuwar wayar a jikin tsohon dami yadda ba za ta yi lilo ba. In ya tarar an cusa takardar kwalin taba ko zaren waya a gurbin fiyus, abin da ba a rasawa a irin motocin nan, sai ya zare ya sa na gaske, ko da mai mota na gunaguni.

Fijo labarinta daban. Masana'antarta ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya sun yi zamanin da babu kasuwar ƙauyen da ba a ganinsu. Agogon gidan Fijo mai hannu ne, zagayayye, yana zaune cikin gilashin mita, Jaeger na cikin masu yi musu. Waya biyu ta ishe shi, sai ta ƙwan da ke haska shi. A-kori-kura ba kasafai ake sa mata ba, don haka akan ciro na ƙaramar mota a dasa, in fuskar mitar ta zo ɗaya. Tsofaffin agogunan mota na kafin zuwan kwaz kuwa abin kallo ne in aka buɗe su. Agogon wani ne sosai, da sifirin da ƙafafun haƙora, sai dai wuta ce ke wana shi. Sifirin na saki a hankali har wasu ƙarafa biyu su haɗu, naɗin waya ya zama mayen ƙarfe, ya fizgi wani ɗan ƙarfe ya sake ɗame sifirin. Duk bayan 'yan mintoci sai ka ji ƙyat a cikin mota. Rauninsa batir mai sanyi: wutar ba ta isa ta fizga ba, ƙarafan su zauna a manne, naɗin ya yi zafi ya ƙone. A irin wannan, mai wayarin kan raba aikin da mai gyaran agogo na bakin kasuwa, wancan ya wanke ya sa mai, shi kuma ya gyara ɓangaren wuta. Masu iya wannan sun yi ƙaranci ƙwarai.

Wani zai ce ina amfanin duk wannan ga mutumin da waya ke aljihunsa? Direban da ke son ya riski kasuwar Dawanau kafin rana ta ɗaga, ko ya san inda azahar za ta same shi, ya fi son ya ɗaga ido kawai da ya laluba aljihu hannu ɗaya a sitiyari. Akwai agogunan leda da ake mannawa a gilashi, amma rana ɗaya ta bazara takan baƙanta fuskarsu, gam ɗin ya saki. Akwai kuma son mota tsagwaronsa. Mutumin da ya gaji a-kori-kurar mahaifinsa yana so ya gan ta cikakkiya, ba da toshiya a goshi ba.

Yaran da ke koyon sana'ar yanzu hankalinsu na kan na'urar da ake jona wa sababbin motoci ta faɗi ciwonsu, kuma ba su yi laifi ba, kuɗin na can. Sai dai tsohuwar mota ba ta da bakin da za ta yi wa na'ura magana. Ogan da ya san abin da yake yi yakan fara ba yaro irin aikin agogo, don in ya ɓata asarar kaɗan ce, in kuma ya iya rarrabe waya huɗun nan da tasta, to ya kama tushen rediyo da fitila da duk sauran.

Rigimar da ta fi biyo bayan aikin ita ce ta batir. Direbobi da yawa sun saba cire kan batir kowane dare, wasu don tsoron ɓarayi, wasu don mota na wayar gari babu wuta. Wanda ke yin haka agogonsa ba zai taɓa yin daidai ba, sai ya dawo gareji da faɗa. Wani kuma ya daina cirewa, batir ya mutu, ya ce agogon ne ya shanye. Abin da agogo ke ja bai taka kara ya karya ba, lafiyayyen batir zai yi makonni yana ɗauke da shi. Mai wayarin sai ya ɗora mita: cikakken batir ya nuna kusan bolt 12.6, in inji na aiki ya haura zuwa wajen 14. In bai haura ba, altaneta ce ba ta caji. In ya haura, sai ya kashe komai, ya rufe ƙofofi, ya cire kan batir ya sa tasta a tsakani. Ƙwan in ya kama da ƙarfi, akwai inda wuta ke zurarewa. Sai ya sa yaro ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ƙwan ya mutu.

"Alhaji, zo ka gani da idonka. Na agogo na zare, fitila na nan. Ga na rediyon da aka sa maka bara."

Mafi yawan lokuta a nan ake samun ɓarawon, ko a cajar waya da aka bari a soke, ko a cikin altanetar kanta. Kuɗin wannan binciken daban ne da na sa agogo, kuma akan daɗe ana jayayya a kansa.